Tsimi da Tanadi a Baƙon Gari: Koyon Sifaniyanci a Birnin Garnada



Ran da sakataren ƙungiyarku ya iske ni gida Tsafe da takardar gayyata, na duba na ga an rubuta wai in zo in yi lacca a kan karatu a ƙasashen Turai. Na ce masa wannan riga ta yi mini yawa. Ni ban san Turai ba. Gari ɗaya kurum na sani, watau Garnada ta kudancin Sifaniya, inda na zauna wata 11, daga Satumba 2021 zuwa ƙarshen Yuli 2022, ina koyon Sifaniyanci da kuɗin da ba su kai su kawo ba. A kan wannan kaɗai nake da bakin magana, don haka a kansa zan tsaya. Wanda ya zo don ya ji labarin manyan gine-gine da jiragen ƙasa masu gudu, sai ya yi haƙuri, yau labarin wake da kuɗin haya zai ji.

Da ma tambayar farko da kowa ke yi mini ita ce wadda Kawuna ya yi ran da na je masa da maganar. Yana zaune bisa buzunsa, ya saurare ni har na ƙare, kana ya ce, "To ɗana, wanga halshe, ina amfani nai? Turancin da ka koya bai ishe ka ba?" Amsar da na ba shi ita zan ba ku. Mutanen da suka tashi da Sifaniyanci a bakinsu sun kusa miliyan 500. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, yawancinsu a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, ɗaya kuwa ga ta nan kusa da mu, watau Ikwatoriyal Gini, wadda tsibirinta ke cikin teku kudu da Kalaba. Yana kuma cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma fa in za a bi gaskiya, ba wannan lissafi ya ja ni ba. Tarihi na karanta, a cikin karatun kuwa na ci karo da wani mutum haifaffen Garnada, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya gama littafinsa na bayanin ƙasashen Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550, a ciki kuwa ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, ya kuma ambaci Zamfara da sunanta, ya ce ƙasa ce ta shinkafa da gero da auduga. Mu kuwa mutanenta bai yabe mu ba ko kaɗan, masana ma suna gardamar ko ya taka ƙasar ko ji ya yi a bakin fatake. Na ce a raina, tun da mutumin Garnada ya yi rubutu a kanmu shekara kusan 500 da suka wuce, ba laifi Bazamfare ya je ya dubo garinsu, ya koyi harshen da aka adana tarihin Andalus a cikinsa a yau. Kawu ya yi dariya ya ce ramuwa ce ke nan. Ya yarda.

To, ga yadda aka haɗa guzuri. Akwai ɗan fili da muka gāda a nan Gusau, aka sayar, rabona ya biya kuɗin makaranta da na jirgi da na inshorar lafiya. Saura na zama. Hukumar Sifaniya ba ta ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa kowane wata, ma'aunin da suke bi kuwa a 2021 Yuro 564.90 ne, a 2022 ya zama 579.02, a 2023 aka kai shi 600. A nan ne na yi kuskuren da nake so ku ji da kunnen basira. Abin da ke hannuna bai wuce rabin abin da ake nema ba. Sai 'yan'uwa suka ara mini sauran, aka zuba a banki, aka ɗauki takarda, bayan an sami biza kowa ya karɓi abinsa. Kawu kuma ya yi alkawarin zai sayar da shanu biyu da kaka ya aiko mini. Na tafi ina ganin na yi dabara. Ashe wannan adadi da suka yanka ba don su wahalar da kowa ba ne, lissafin abin da ɗan Adam zai ci ya kwana a ƙasarsu ne, kuma su suka fi ni sanin ƙasarsu. Wanda ya ruɗi ofishin jakadanci da kuɗin aro, cikinsa ya ruɗa.

Na sauka a makon farko na Satumba 2021. Yawancinku kun san abin da ya auku a wannan mako. Saboda matsalar 'yan bindiga aka dakatar da kasuwannin mako da safarar dabbobi a Jihar Zamfara, ran 3 ga wata kuma aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ku da kuke gida kun sha taku wahalar, ba na gasa da ku. Ni dai ga ni a garin da ban san kowa ba, in buga waya Tsafe shiru, in buga Bunguɗu wurin dangin mahaifiyata shiru. Sai bayan mako uku ƙanena ya yi tattaki har Zariya ya kira ni, ya ce kowa lafiya, amma maganar shanu a manta da ita tukuna, ba kasuwar da za a kai su.

Kafin wannan kira ma na riga na yi wata ɓarnar. Tun ina gida na ga tallar ɗaki a intanet, mai kyau, mai arha, a tsakiyar gari. Mai tallar ya ce in aika da kuɗin ajiya don kada wani ya riga ni. Na aika. Da na isa na ja akwatina har ƙofar gidan, sai na tarar ba wanda ya taɓa jin sunansa. Al'adarsu ce mai haya ya ba da ajiyar wata ɗaya, wadda suke kira "fianza", dokarsu ma ta tanadi haka, amma ana bayarwa ne bayan ka ga ɗaki da idonka an kuma rubuta yarjejeniya. Kalmar Sifaniyanci ta farko ke nan da na koya da kyau, ita ce kuma ta fi kowace tsada.

Da na kwana biyu a masaukin baƙi na zauna na ƙirga abin da ya rage, na raba shi da watanni, sai jikina ya yi sanyi. A daren nan ne na tuna da kakata ta Bunguɗu. Tun muna yara mun san ta da ƙa'ida a kan rumbu. In an kawo amfanin gona, kafin kowa ya taɓa sai ta ware iri ta rataye shi can sama, ko yunwa za ta kashe gida ba a saukar da shi. Sauran kuma ƙwarya ɗaya gare ta ta awo, da ita take ɗiba kullum, ba ta ƙarawa don an yi baƙo mai daɗin baki, ba ta ragewa don ta ji haushin wani. Abin da take dubawa shi ne watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Sai na sayo ambulan. Kuɗin haya na dukan watanni da na jarrabawar ƙarshe na ware su, na ce su ne irina. Sauran na raba mako-mako, ran Litinin in ɗauki na makon a hannu, in bar katin banki a gida, don shi kati ba ya nuna maka ƙasan ƙwarya. Na kuma sayi ɗan littafi na ɗaukar wa kaina cewa duk sisin da ya fita sai na rubuta shi, da sunan abin da aka saya, cikin Sifaniyanci. Ga shi nan na zo da shi, wanda ke so ya duba bayan an tashi. A cikinsa na koyi ƙidaya, da sunan kowane abu da ake ci ko ake wanka da shi, tun malamarmu ba ta kai ga wannan darasi ba.

Yanzu bari in zo ga zuciyar maganata. A ajinmu akwai Amurkawa da Jamusawa da mutanen Sin da Koriya, yawancinsu 'ya'yan masu hali. Sun kama gidaje tare a tsohuwar unguwar Albaisin, wadda ke fuskantar fadar Alhambra, inda 'yan yawon buɗe ido ke cika. A can mai sayar da abinci yana ganinka zai yi maka Turanci. Sa'a 4 suke jin Sifaniyanci a aji, sauran sa'a 20 na yini da dare cikin Turanci suke. Ni kuwa kuɗina ya kore ni zuwa Zaidin, unguwar ma'aikata da ke kudancin gari, inda na sami ɗaki a gidan wani dattijo mai shekara 80 da 'yan kai, tsohon magini, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ya rage mini haya zuwa Yuro 170 a wata, bisa sharaɗin zan riƙa raka shi asibiti da kasuwa, in ɗauko masa kaya, don ƙafa ta fara gaza masa. Ba ya jin Turanci ko na sallama. In ina son gishiri, ko dai in san sunansa ko in ci lami.

Makonnin farko da hannu muke magana kamar bebaye. Abin da ya daɗa rikita ni shi ne mutanen Andalus suna haɗiye ƙarshen kalma, musamman harafin "s", har abin da na haddace a littafi in ya fito daga bakin dattijon sai in kasa gane shi. Na kai ƙara wurin malama, ta ce in gode wa Allah, wanda ya ji maganar tsohon Garnada ba wanda zai gagare shi a Madrid. Haka kuwa aka yi.

Kada ku ji tsoron harshen kansa, Bahaushe yana da gata a kansa fiye da Bature ɗan Ingila. Wasulansu 5 ne, a, e, i, o, u, ana faɗinsu kamar namu, kuma abin da aka rubuta shi ake karantawa, ba irin munafuncin rubutun Turanci ba. Suna da "r" iri biyu, mai sauƙi da mai kaɗawa, su ke raba "pero", watau amma, da "perro", watau kare. 'Yan ajinmu sun yi wata da watanni suna fama, ni kuwa harshena ya saba tun daga "bara" ta almajiri da "bara" na gidan sarki. Harafinsu na "j" shi ne "kha" ɗin da muka koya a makarantar allo. Sunayensu akwai namiji akwai tamace, kuma galibin masu ƙarewa da "a" mata ne, kamar namu. Har togaciyar ma akwai: yadda "gida" da "ruwa" suke maza a wurinmu, haka "día", watau yini, yake namiji a wurinsu. Akwai wani salon aikatau da suke amfani da shi wajen buri da umurni, wanda ke sa masu Turanci kuka. Da na lura sai na ga ai irin namu ne na "ina so ka zo", inda ba a cewa "ina so kana zuwa". Inda muke da rauni shi ne harafin "p". Ranar da na je sayen burodi, "pan", na ce "fan", matar kanti ta daɗe tana kallona.

Sa'an nan ga Larabci ko'ina. Musulmi sun shiga ƙasar a 711, mulkinsu na ƙarshe kuwa a nan Garnada ya faɗi a 1492, masana suna ƙiyasta kalmomi kusan 4,000 na Sifaniyanci asalinsu Larabci ne. Abin mamaki, da yawansu kalmomin talaka ne, irin waɗanda suka cika littafin lissafina. Shinkafa "arroz", mai "aceite", sukari "azúcar", wake "alubia", kuɗin haya "alquiler", asusun tara kuɗi "alcancía", sana'ar maigidana ta gini "albañil". Auduga, wadda ta sa sunan Gusau ya fita, "algodón". Shugaban gari "alcalde", asalinsu ɗaya da alƙalinmu. In suna fatan abu kuma sai su ce "ojalá", da sunan Allah a cikinta, yawancinsu ba su ma sani ba. Ran da na gaya wa dattijon, ya ce to shekara 80 ke nan yana addu'ar Musulmi bai sani ba.

Abinci shi ne inda ɗalibi ke tsira ko ya halaka. Kalmomin da suka wajaba Musulmi ya haddace tun a filin jirgi su ne "cerdo", alade, "jamón", busasshiyar cinyarsa, "tocino", kitsensa, "manteca", man da ake narkewa daga gare shi, da "vino", giya. Mutane ne masu son naman alade ainun, kuma mansa yana ɓoye cikin wasu kayan zaƙi da ba za ka taɓa zato ba, musamman na lokacin Kirsimeti. Tilas ta sa na zama mai karanta bayan kowane ƙunshi kamar mai bitar jarrabawa, wannan ma makaranta ce. Akwai mahauta Musulmi, galibi mutanen Maroko, amma nama sau ɗaya nake gani a mako. Abin da ya riƙe ni shi ne wake iri-iri, da shinkafa, da ƙwai, da dankali, da albasa. Ran Lahadi in dafa tukunya guda in raba ta kwana uku. Dattijon ya koya mini zuwa wurin masu kifi da kayan miya dab da tashi, lokacin da suke son rabuwa da abin da ya rage, ya kuma koya mini in tsaya ga mai sayarwa ɗaya har ya san fuskata. Ba a ciniki irin na kasuwar Gusau, farashi a rubuce yake, amma in an san ka akan ɗora maka gyara. Garin kuma yana da wata al'ada da ta shahara, in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, sai a haɗo maka da ɗan abinci kyauta, shi ne "tapa". Da wannan nake fita da 'yan ajinmu ba tare da na ji kunya ba, sai dai kullum in riga mai kawowa magana, in ce ban da alade.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne sanyi. Mun ɗauka kudancin Sifaniya ƙasar rana ce. Rana ce da bazara, amma Garnada tana gindin duwatsun Siyera Nebada, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 3,400, ƙanƙara na rufe su, da hunturu kuwa ruwa kan daskare da asuba. Wannan shekara kuma ita ce kuɗin lantarki ya yi tashin da ba su taɓa gani ba, ya kai maƙura a Maris 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, man girki ya yi wuya a kantuna, zuwa Yuli 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 10.8 cikin ɗari. Ƙwaryar awona ta tsuke ba tare da na taɓa ta ba. Ba mu iya ɗumama gidan duka, sai muka koma ga dabarar kakanninsu: teburi mai zagaye, an lulluɓe shi da bargo har ƙasa, a ƙarƙashi an sa ɗan abin ɗumi, kowa ya tura ƙafafunsa ciki. Kaskon garwashin tsofaffinmu ne da hunturu, sai dai an yi masa rumfa.

A bakin wannan teburi na yi karatuna na gaskiya. Sanyi ya hana ni shiga ɗakina, ya hana shi barci da wuri, sai hira. Ya ba ni labarin yunwar da ta biyo bayan yaƙin basasarsu na 1936 zuwa 1939, yadda aka riƙa raba abinci da kati har 1952, yana yaro yana bin layi. Ya ba ni labarin yadda ya tafi Jamus cin rani a shekarun 1960, kamar dubban 'yan ƙasarsa, ya kwana a ɗaki ɗaya da mutum shida, ba ya jin Jamusanci, yana ƙirga kwabo yana aika wa uwarsa. Da ya ga littafin lissafina ya yi shiru, ya tashi da ƙyar ya ɗauko nasa na wancan zamani, takardun duk sun yi ja. Daga ran nan ya ɗauki gyaran harshena tamkar aikin da aka biya shi. In na yi kuskure sai ya buga cokali a teburi, ba zai ci gaba ba sai na gyara. Ni kuma na ba shi labarin dutsen Kwatarkwashi da na Tsafe, da yadda noma ya gagari mutanenmu a gonakin nesa saboda tsoro. Bayyana wa baƙo halin da garinku ke ciki da harshen da ba naka ba, ba tare da ka yi ƙarya ko ka zubar da mutuncin mutanenka ba, ya fi kowace jarrabawa wuya.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na yabi talauci. Akwai iyakar da in an wuce ta ba abin da ke shiga kai. A Nuwamba 2021 na kai wannan iyaka. Na rage awo har ya zama sau ɗaya nake ci a yini, ina zaune a aji malama na magana ina lissafin dankali. Na faɗi gwajin wannan wata. A lokacin ne wani bawan Allah da muka saba a masallaci, mutumin Afirka ta Yamma, ya ce mini me nake wahalar da kaina, ga Almeriya nan kusa, inda gonakin rumfar leda suka mamaye fiye da hekta 30,000, ana neman hannu kullum, ana biya. Na kwana uku ina juya maganar. Na san bizata ba ta ba ni wannan dama ba, na san in na bar aji takarduna sun mutu, daga nan kuma sai zaman ɓoye, ba zuwa gida ba dawowa. Wani ɗan ajinmu, shi ma ɗan Afirka, ya tafi da niyyar mako biyu, har na baro ƙasar kujerarsa ba kowa. Ba na zarginsa, ban san nauyin da ke kansa ba. Abin da ya tsare ni dai ba jaruntaka ba ce. Dattijon ne ya lura tukunyata ta daina hawa wuta, bai ce mini kome ba, sai ya fara dafa wake fiye da cikinsa, ban da alade, yana ƙorafin wai hannunsa ya saba da awon mutum biyu tun matarsa na da rai. A tsakiyar Disamba kuma kuɗin shanun Kawu suka iso.

Akwai abubuwan kyauta da yawa ga wanda ya cire girman kai. Katin laburaren gari kyauta ne, akwai ɗumi a ciki, a can na fara da littattafan yara ina ɓoye bangonsu don kunya. Ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suna koyar da baƙi harshe ba da ko sisi ba. Ɗaliban jami'ar garin, wadda aka kafa tun 1531, suna neman wanda za su yi musayar harshe da shi, sa'a ɗaya Turanci sa'a ɗaya Sifaniyanci, a nan Turancin da Kawu ya ambata ya yi rana. Mota kuwa ban shiga ba sai ana ruwa, tafiyar minti 40 ce zuwa makaranta, ina tafe ina karanta allunan kantuna. Da azumin Afrilu 2022 nakan haura Albaisin, inda aka buɗe babban masallaci a 2003, na farko da aka gina a garin tun bayan 1492, mu sha ruwa da jama'a, Alhambra na gabanmu rana na faɗuwa a kanta. Nakan tuna cewa daga garin nan Abu Ishaƙ as-Sahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbutu. Hanyar tsohuwa ce, mu ne muka bar ta ta yi ciyawa.

A Yuli 2022 na buɗe ambulan na ƙarshe na iri, na zauna jarrabawar DELE, wadda Cibiyar Cervantes ke shiryawa, a mataki na B2, watau na huɗu cikin matakai 6. Sakamako ya iske ni a gida, na ci. Wasu daga cikin mutanen Albaisin, waɗanda suka kashe ninkin abin da na kashe sau uku, ba su ma yi rajistar wannan mataki ba.

Ga mai niyya a cikinku, lissafina ya tsufa, kada ya ɗauke shi ya yi aiki da shi. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a Yuni 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, Yuro kuma ta bi ta. Filin da ya kai ni ba zai kai ƙanena ba. Dokar baƙi ta Sifaniya ma an sake ta a Mayu 2025, saboda haka a tambayi ofishin jakadancinsu a Abuja ko ƙaramin ofishinsu a Legas, a bar jin ta bakin dillalai, kada kuma a sa kuɗin aikin da ba a samu ba cikin guzuri. Abin da na fi nadama shi ne watanni ukun farko da na ɓata a can ina koyon gaisuwa da ƙidaya da Yuro, alhali da wayar hannu da rediyo da ƙamus zan iya yinsu a Tsafe da Naira. Matakai biyu na farko a gida ake gama su. In an je can, abin da za a saya shi ne bakin mutane, shi kuwa a unguwar talakawa ya fi arha.

Da na dawo na je gaida kakata a Bunguɗu. Ta ce, "Maigida, an dawo? Ina tsarabata?" Na miƙa mata ɗan gyale, na kuma gaya mata ƙwaryar awonta ta je Turai ta dawo. Ta ce in haka ne sai in biya ta haya. Kawu kuwa na biya shi sa ɗaya daga abin da nake samu na fassara da koyarwa, saura ɗaya. Dattijon yakan kira ni ran Lahadi, har yanzu yana buga cokali a waya.

Na roƙi shugabanninku aron aji ɗaya ran Asabar da ƙarfe 10 na safe, sun yarda. Wanda ke so mu fara daga wasulan nan biyar, ya zo da littafi da alƙalami, ba a biyan kome.